Jitar gwaji ko ta kasuwa: wacce ta fi daraja?

Nura: Salamu alaikum jama'a. Ni dai na tsaya a kan cewa jitar gwaji, wato wadda maƙeri ya fara haɗawa da hannunsa kafin kamfani ya shiga buga dubbai, ta fi duk wadda ta fito kasuwa daraja. Ku dubi wadda Les Paul, makaɗin jita na Amurka, ya haɗa wajen 1940, wadda ake kira The Log, wato gungume. Guntun katako ya samu mai kusurwa huɗu, ya kafa masa wuya da tsirkiya, ya tsaga jikin wata jitar Epiphone gida biyu ya manna a gefe da gefe don ta yi kama da jita. Ya kai wa kamfanin jita na Gibson suka ƙi ta. Sai a 1952 suka fito da jita mai sunansa. Gungumen nan yanzu yana gidan tarihi a birnin Nashville na Amurka. Wace jitar shago ce za ta kama ƙafarsa?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Nura ƙanena, ka haɗa abu biyu wuri guda, darajar tarihi da daɗin kaɗawa. Mu da muke gyaran jita mun san ta gwaji tambaya ce maƙeri yake yi wa katako, bai riga ya samu amsa ba. Wadda Leo Fender, mai kamfanin jita na Fender, ya haɗa a 1949 ba ta da ƙarfen nan da ake zurawa cikin wuya don ya riƙe shi. Haka jitocinsa na farko masu suna Esquire suka fita a 1950, wuyoyinsu suka riƙa lanƙwashewa, dole aka sa ƙarfen a jitar da ta biyo baya, Broadcaster, wadda ta zama Telecaster a 1951. Duk wanda ya ajiye jita a Kano daga damina zuwa hunturu ya san yadda wuya yake motsi. Idan babu ƙarfen da zan ɗaure ko in sassauta, da me zan miƙar da shi?

Zainab: Malam, a yi mini afuwa, ai ba kullum kamfani yake gyarawa ba, wani lokacin shi yake ɓatawa. Les Paul ta 1952 ɗin nan da ta fito kasuwa, an kafa wuyanta bai karkata yadda ya kamata ba, sai aka bi da tsirkiya ta ƙarƙashin ƙarfen da ke riƙe ta maimakon ta sama. Makaɗi ba ya iya ɗora gefen tafinsa ya danne sautin. Ba haka mai ita ya tsara ba. Sai a 1953 aka sauya.

Malam Habu: Wannan gaskiya ne, Malama Zainab, na karɓa. Amma shekara guda kacal kuskuren ya yi, saboda ɗaruruwan makaɗa sun saya sun koka. Ta gwaji wa zai koka a kanta?

Sa'idu: Tunda daraja ake magana, a je wajen gwanjo. Black Beauty, wadda ita ce ta gwajin Les Paul Custom, kuma ta Les Paul ɗin ce da kansa, an sayar da ita dala 335,500 a 2015. Baƙar jitar Stratocaster ta David Gilmour, makaɗin ƙungiyar Pink Floyd, kuwa, wadda ya shiga shago a New York a 1970 ya saya kamar kowa, ta kai dala miliyan 3.975 a 2019. Mutum ɗaya ne ma ya sayi duka biyun, attajirin Amurka Jim Irsay. A 2020 jitar Martin D-18E ta Kurt Cobain, mawaƙin ƙungiyar Nirvana, ta haura dala miliyan 6, ita ma ta kasuwa ce. Masu kuɗin nan hannun da ya kaɗa suke saya.

Nura: Yaya Sa'idu, to Telecaster ɗin George Harrison na ƙungiyar Beatles fa, wadda Fender suka yi masa ta gwaji a 1968, ya kaɗa ta a kan rufin bene a Landan a watan Janairun 1969?

Sa'idu: Ai ka ba ni hujja da bakinka. Cire sunan Harrison ka ga nawa za a taya.

Zainab: Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Moderne. A 1957 Gibson suka zana jita uku masu baƙon fasali, Flying V da Explorer da Moderne. Biyun farko sun fito a 1958, an yi su da katakon korina, wanda itacen limba ne na dazukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, har a kudancin Najeriya akwai shi, a can afara suke ce masa. Ba su yi kasuwa ba, Flying V guda 98 kawai aka fitar a shekara biyu. Moderne kuwa ba a buga ta ba sai 1982, kuma har yau ba a samu ta gwajinta ko guda da masana suka yarda da ita ba. Amma mutane sun shekara fiye da hamsin suna cigiyarta. Babu wanda ya san amonta, babu wani shahararre da aka gani da ita. To me suke nema in ba farkon abin ba?

Malam Habu: Nan ma akwai abin tsoro. Ta gwaji sau da yawa ba ta da lamba ta ƙa'ida, ba ta cikin kundin kamfani na kayan sayarwa, don haka duk mai son damfara sai ya ce tasa ta gwaji ce. Ta kasuwa kuwa ina iya duba lambarta, in kwatanta ta da 'yan uwanta.

Nura: Na yarda a kan kuɗi Yaya Sa'idu ya kayar da ni, kuma in biki zan je kaɗawa ta kasuwa zan ɗauka. Amma da za a ajiye mini baƙar jitar Gilmour da gungumen Les Paul a ce in riƙe ɗaya na minti biyar, wallahi gungumen zan ɗauka. Ina so in ga inda ya huda katakon, da yadda ya haɗa ɓarin nan biyu.

Malam Habu: In don wannan ne, ka biyo ta shago ranar Asabar bayan la'asar. Akwai wata tsohuwa da na cire wa wuya, zan nuna maka ramin ƙarfen da idonka.