Agogon Baba yana gudu, in buɗe shi da kaina?

Abban Hafsat, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum. Da aka raba gadon mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, agogonsa ya faɗo a rabona. Seiko 5 ne mai yi wa kansa wani, a Makka ya saye shi shekarar da ya sauke farali, da shi kuma ya yi ta zuwa aiki masaƙa a Kakuri. Ya shekara takwas a akwati. Na girgiza shi ya tashi, amma yana ƙara minti goma a rana. Na kai wa wani mai gyara, a gabana ya buɗe bayansa ya ɗiga mai, ya ce shi ke nan. Yanzu har tsayawa yake yi. Dama ina sha'awar koyon aikin, na sayi hantsaki da ƙananan sukundireba. In fara da shi?

Baba Ilu, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Ɗana, don Allah kada ka koyi gyara a kan agogon mahaifinka. Wannan ɗiga man shi ya ƙara lalata lamarin. A ciki akwai wani siririn sifirin kamar gashi, shi ke daidaita bugun agogo, sau 21,600 a awa a yawancin irin naka. In mai ya taɓa shi sai zagayensa su manne, ya gajarce, agogo ya kama gudu. Sabon mai a kan busasshe, ga ƙurar hunturun Kaduna, ai taɓo ne. Gyara na gaskiya sai an warware shi ɗaiɗai, an wanke, sannan a sa mai da tsinin allura, ɗan ɗigon da ido da kyar yake gani. Man ma nasa daban, kamar Moebius 9010, ba man keken ɗinki ba. Wanda duk ya ce zai gama maka kana tsaye, karɓi abinka ka wuce.

Injiniya Sani, Barnawa:
Tunda yana gudu tun kafin a sa man, ina zargin maganaɗisu. A kusa da sifika ko bayan waya kake ajiye shi? Kawo shi kusa da kamfas mai nuna alƙibla, in allurar ta juya to ya kamu. Cirewar ba ta kai minti ɗaya ba da 'yar na'urarta. Kuma kada ka canza kwanan wata tsakanin tara na dare da uku na asuba, lokacin haƙoran da ke juya kwanan watan suna sarƙe.

Maman Walid, Kawo:
Ka riƙa cire shi in za ka yi alwala. Robar bayan ta tsufa, na maigidana haka tsatsa ta cinye shi.

Baba Ilu:
Batun koyo kuwa, je Kasuwar Barci ka nemo matattun agogo biyu ko uku. In ka samu na aljihu ya fi, kayan cikinsa manya ne. Ka sassauta babban sifirin da ke ba agogo ƙarfi kafin ka kwance komai, ka ɗauki hoto a kowane mataki.

Abban Hafsat:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na gwada kamfas ɗin, allurar ta juya sosai, a kan rediyo nake kwantar da shi. Na mayar da shi akwati. Baba, in na samo matattun ranar Asabar, zan iya kawowa in zauna kusa da kai in gani?

Baba Ilu:
Zo bayan la'asar. Ka taho da farin ƙyalle da gwangwani mai murfi na zuba kusoshi.