Giyar motata na fizga: in sauya giyabos ko in bari a ɗora sabuwar manhaja?

Mai tambaya, Asawase: Assalamu alaikum 'yan uwa. Motata ƙirar 2018 ce, daga Amurka ta shigo ta tashar jiragen ruwa ta Tema a Ghana, kuma da ita nake ciyar da iyali. Kwanan nan tana fizga idan za ta tashi daga giya ta ɗaya zuwa ta biyu, musamman a cunkoson kasuwar Kejetia a Kumasi. Wani fita, wato makaniki, ya ce a sauke giyabos. Wani yaro mai laftof kuma ya ce ƙarfe lafiya lau, manhajar kwamfutar giyar ce ta tsufa, zai ɗora sabuwa. Aikinsa ya fi araha nesa ba kusa ba, amma gabana na faɗuwa. Wa zan bi?

Fita, Suame Magazin (unguwar makanikai a Kumasi): Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada a kwance ko ƙusa ɗaya tukuna. Tun 1996 motocin Amurka ke da wurin jona na'urar bincike, OBD-II, a ƙasan sitiyari. A jona a karanta lambobin matsala, a duba man giya. Maganar yaron na iya zama gaskiya, don kamfanoni kan fitar da gyaran manhaja saboda irin wannan fizgar, dilolinsu na can su ɗora wa masu motoci. Motar da ta yi haɗari aka kai ta gwanjo sau da yawa gyaran kan wuce ta.

Ɗan Zango mazaunin Bronx: Malam, kwafi lambar VIN, haruffa da lambobi 17 da ke gindin gilashin gaba, ka sa a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗuran mota ta Amurka. Kyauta zai nuna maka duk gyaran da kamfani ya yi kira a kawo motar a yi mata amma ba a yi ba. Kada ka jira ta sabunta kanta. Kamfanin motocin lantarki Tesla na turo sabuntawa ta intanet tun 2012, amma yawancin motocin shekarar taka sai an jona waya kafin a taɓa kwamfutar giya.

Fita, Suame Magazin: To ga inda nake so ka buɗe kunne. Ɗora manhajar ba wuya, abin da ke kashe kwamfuta biyu ne. Ko fayil ɗin ba na motarka ba ne, domin ƙira ɗaya, shekara ɗaya, amma ta Amurka daban da ta Dubai. Ko batir ya yi ƙasa ana tsakiyar aiki. Idan aka ɗauke wuta alhali caja ce ke riƙe da batirin, kwamfutar na iya mutuwa, mota ta ƙi tashi gaba ɗaya. Tambaye shi daga ina ya samo fayil ɗin, ya nuna maka lambar manhajar da ke ciki da wadda zai ɗora, kuma ya adana tsohuwar idan na'urarsa na iyawa. In ya fara kame-kame, ɗauki makullinka. Bayan aikin ma giyar kan ɗauki 'yan kwanaki kafin ta daidaita, kada ka firgita.

Hajiya, Aboabo: Ɗana, ni ban san kwamfuta ba, amma na san ciniki. Ku yi magana gaban shaidu: idan ta mutu a hannunsa, wa zai biya?

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Yaya fita, gobe bayan Azahar zan kawo ta a jona na'urar. In zo da yaron, ko mu fara ganin lambobin?

Fita, Suame Magazin: Zo da shi, da laftof ɗinsa.