Neman kalmar Hausa: yashin da ke kwanciya a ƙasan teku mai zurfi

Mai shirin rediyo, Abuja: Jama'a a taimaka, gobe da safe zan naɗi shiri kan man fetur na cikin teku. Baƙona masanin duwatsu ne, bakinsa ba ya rabuwa da "tabidayit". Wai yashi da laka ne da kogin Neja ke jibgewa a bakin teku, wata rana su zabtare, su gangara can ƙasa a guje su kwanta. Bayan miliyoyin shekaru, cikin ƙofofin wannan yashin mai ke taruwa. Rijiyoyin filin mai na Bonga a tekun Najeriya, da suka fara ba da mai a 2005, kilomita 120 daga gaɓa, zurfin ruwan ya haura mita 1,000, daga irinsa suke zuƙowa. Me zan ce da Hausa?

Injiniya: Abu biyu ne, Hajiya. Akwai gangarowar ruwan, akwai abin da ya bari. Gangarowar ba wasa ba ce: a 1929 girgizar ƙasa ta tayar da irinta a gabashin Kanada, ta tsittsinka wayoyin tangarahu na ƙasan teku ɗaya bayan ɗaya. Ni "malalar dagwalo" zan ce.

Malamin Hausa: Abin da ya bari kuwa "kwantau". Na daɗe ina koya wa ɗalibaina haka.

Ɗan Bukuru: Malam, a rediyo "kwantai" za a ji, a zaci kayan da ba a sayar ba ne. Mu da muka taso muna kallon wankin kuza mun san abin: mai nauyi ya riga zama, laka ta biyo daga sama.

Injiniya: Yauwa! Lakar nan ita ce murfin da ke hana mai tserewa. Yashin kuma shi ke riƙe man, shi ya sa kamfani ke fara neman inda yashi ya yi kauri kafin ya kashe kuɗin haƙa.

Malamin Hausa: Yanzu Hausar Jos ce za ta yi mana alƙalanci?

Ɗan Bukuru: Haba Malam. Da ita muka sha nono, kuma masu sauraron Hajiya ba Kanawa ne kaɗai ba.

Malamin Hausa: Takaicina, kullum sai mu yi jimla guda inda Bature ya yi kalma ɗaya, daga baya a ce Hausa ba ta iya ɗaukar kimiyya.

Mai shirin rediyo: Allah ya huci zuciyarku. Na ɗauki "malalar dagwalo". Ɗayan zan ce "shimfiɗar yashin ƙasan teku", in bi da bayani.

Malamin Hausa: Ta yi tsawo, amma ki yi da ita gobe. Ni dai ban janye "kwantau" ba.