Neman kalmar Hausa: me za mu kira transcription?

Mai tambaya, Ringim:
Salamu alaikum malamai. An naɗi hirar tsofaffi kan tarihin gari, za a mai da ita rubutu. Turawa na kiran aikin transcription. Fassara za mu ce, ko shifta?

Malamin Hausa, Ɗambatta:
Wa alaikumus salam. Ba fassara ba ce, tunda harshen bai sauya ba. Shifta kuma malami ke karantowa a tsanake don a rubuta. Tsoho mai ba da labari ba ya jiran alƙalami. Magabata suna cewa an juya littafi idan an kwafe shi da hannu. Larabawa na kiran aikin mai da magana rubutu tafrigi, wato zazzage abin da ke cikin mazubi. Mu ce juyen magana, kamar yadda ake juye hatsi daga buhu zuwa kwarya: mazubi ya sauya, hatsin na nan.

Ma'aikaciyar rediyo, Birnin Kudu:
Malam, ya zauna daidai, sai dai a kiyaye sharaɗin. Hirar awa 1 kan ci awa 4 zuwa 6. A saurari daƙiƙa 10, a tsayar, a rubuta, a sake saurare. Duk bayan minti 2 a sa lokaci a gefe, a kuma nuna wa ke magana. Inda kukan jaki ko injin niƙa ya danne murya, a rubuta "ba a ji ba", kar a cike da zato. Babbar ɓarna ita ce gyara. Bakano ya ce "gurin", mai rubutu ya mai da shi "wurin". Basakkwace ya ce "munka", a rubuta "muka". An zubar da karin harshen ke nan. A kula da ƙugiya ma: kafa daban, ƙafa daban.

Malamin Hausa, Ɗambatta:
Haka ne, Hajiya. Na masu nazarin harshe kuma ya fi haka tsanani. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali da hawa da saukar murya, shi ya sa garin da ake zama da garin tuwo suka zo iri ɗaya a takarda. Ƙamusun Hausa na Bargery na 1934 ya nuna su. Wannan sai mu kira shi rubutun furuci. Mai da ajami boko kuwa juyen rubutu ne.

Malamin kimiyya, Kazaure:
A ajinmu na kimiyyar halittu ma akwai transcription, amma juye ba zai yi ba, don idan an juye buhu, wayam ake barin sa. DNA, wato ma'ajiyar saƙon gado a jikin halitta, tana nan daram, ana dai kwafo saƙonta zuwa 'yar'uwarta RNA, sinadarin U na RNA ya maye gurbin T na DNA. Ɗalibai sun fi gane kwafin saƙon gado.

Mai tambaya, Ringim:
Na gode, Allah ya ƙara ilimi. Juyen magana zan sa a bangon kundin.