Fikof mai arha amma ta ci hanya sosai, in saya ko in haƙura?

Ɗan Aboabo:
Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Ni masara da wake nake ɗaukowa daga Ejura da Techiman in kawo Kumasi, kuɗin haya shi ke cinye mani riba, wani lokaci har kwana nake a kasuwa ina jiran mota ta cika. To akwai wani mutum a Asawase zai sayar da Nissan Hardbody ɗinshi, dizal ce, mita ta nuna kilomita dubu 410, ya ce sidi dubu 68. Abin da na tara a susu haɗe da wanda yayana zai ranta mani duka-duka dubu 75 ne. Jiya da yamma na je na gan ta, fenti sabo, inji ya tashi lafiya, amma ya ce in biya kafin Juma'a don akwai wani mai so. Raina ya kwanta da motar amma wannan kuɗi gumin shekara huɗu ne, tsoro nake ji.

Masta Magazin:
Wa alaikumus salam ƙanena. Shekarata 26 ina aikin fita, wato makanike, a Suame Magazine, unguwar masu gyaran mota ta Kumasi, bari in faɗa maka gaskiya, lambar mita ba ta ba ni tsoro, kuma ba na yarda da ita ma don ana juya ta baya. Idan injin TD27 ne a ciki to inji ne mai haƙuri, ba shi da bel na taimin, giya ke juya shi, kuma kayanshi ba wahala a nan Magazin. Abin da ya dame ni shi ne da yamma ka je, inji ya riga ya yi zafi, ai ko mota mai ciwo in ta yi zafi tashi take. Koma da asuba bayan salla, ka taɓa injin da hannunka ka tabbatar da sanyi, sannan a tayar kana tsaye a baya. Shuɗin hayaƙi yana nufin tana shan baƙin mai, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa kuma ko gasket ko injekta. Ka buɗe murfin baƙin mai inji na aiki, in yana busa hayaƙi da ƙarfi to ring ya gaji, in ka ga abu kamar madara a jikin murfin ruwa ya shiga mai, ka juya ka tafi. Sannan sabon fentin nan, me ake rufewa? A hau da ita rami ka shiga ƙasa da tocila ka duba shasi, musamman inda sipirin na baya ya kama. Inji ana sauke shi a sa wani, amma shasin da ya ruɓe ko aka yi masa walda, ranar da ka ɗora buhun masara shi ne zai nuna maka halinsa a tsakiyar hanya.

Hajiya Maman Biyu:
Ɗana ni ban san inji ba amma na san lissafi. In ka biya 68 saura 7 a hannunka, da me za ka sayi masarar? Maigidana Allah ya jiƙansa ya taɓa yin haka, wata biyu kawai kuloc ya tafi, ga taya, ga batir, motar ta zauna ƙofar gida kusan shekara muna kallon ta, jarin ma ya tafi. Har yau in na tuna raina na ɓaci. Ka bar ko da dubu 15 a gefe, in ba zai rage ba ka bari.

Abban Sadiya:
Takardu fa! Ka haɗa lambar shasi da ke jikin mota da ta takarda harafi bayan harafi, ka ga sunan mai sayarwa ya yi daidai da Ghana Card ɗinshi, ku tafi DVLA, ofishin rajistar motoci, tare a yi canjin suna kafin ka cika kuɗi. Ka duba rodwodi, wato takardar lafiyar mota, da inshora ko suna da rai. Maganar Juma'a kuma kada ta ruɗe ka, kowane mai sayarwa haka yake faɗi.

Direban Bawku:
Ni dai na ce ka saya in Masta ya duba ya ce ba laifi. Tawa ta wuce dubu 500 kuma albasa nake ɗauka da ita daga arewa, sirrin kawai canjin mai da filta a kan lokaci da rashin yi mata lodin da ya fi ƙarfinta. Amma ka sani fikof kamar tan ɗaya take ɗauka, wajen buhu goma in na kilo ɗari ne, ka zauna ka lissafa dizal zuwa Techiman da dawowa ka gani ko ya fi hayar sauƙi.

Ɗan Aboabo:
Allah ya saka da alheri, Hajiya maganarki ta shige ni ƙwarai. Na kira shi yanzu na ce zan zo da fita da asuba kuma ba zan wuce dubu 58 ba, ya ɗan yi shiru sannan ya ce mu zo mu gani. Masta don Allah ko za ka samu lokaci ranar Alhamis? Zan biya kuɗin dubawa.

Masta Magazin:
Ba damuwa, ka same ni bakin masallaci bayan asuba. Ka gaya masa kada ya tayar da ita kafin mu iso, kuma ka nemo buhu biyar ko shida mu ɗora mu hau tudu da ita mu ji giya.