Tara wuƙaƙen zamanin Nazi: adana tarihi ne ko ɗaukaka ɓarna?

Mai tara kayan tarihi: Ni a ganina mutumin da ya sayi wuƙar ado ta zamanin Hitler tarihi yake adanawa. Yawancinsu a Solingen ta ƙasar Jamus aka ƙera su, garin da ya shahara da maƙera tun kafin a san Nazi, kuma tambarin kamfani irin su Eickhorn da ke gindin ruwan wuƙar shi ne mai tarawa yake fara dubawa. Da yawa ma sojojin Amurka ne suka tafi da su gida a 1945 a matsayin ganima.

Malamar tarihi: Malam, ai ba duka ne suke ɗaya ba. Wuƙar bakin bindiga da aka raba wa ƙaramin soja daban take da wuƙar SS, wato rundunar musamman ta jam'iyyar Nazi, ta 1933, mai baƙar ƙota, wadda aka zana wa taken ƙungiyar a jikin ƙarfenta, alhali kotun Nuremberg ta ayyana SS a matsayin ƙungiyar masu laifi a 1946. Ba don fagen daga aka ƙera ta ba, don a rataya a ƙugu ne a nuna mubaya'a, kuma abin da ya fi damuna shi ne tsadar da take yi a gwanjo saboda wannan alaƙar.

Mai tara kayan tarihi: Gaskiya ne, Malama, amma wani lokaci ƙarfen kansa shaida ne. Bayan kashe Ernst Röhm, shugaban SA, wato dakarun jam'iyyar Nazi, a 1934 an ba da umarni a kankare sunansa daga wuƙaƙen da ya bai wa 'yan SA, kuma har yau ana ganin gurbin kankarar, wanda ke nuna yadda gwamnatin take shafe sunan nata mutanen.

Lauya: Ku bari in shigo da doka. Sashe na 86a na dokar laifuka ta Jamus ya hana nuna alamomi da taken Nazi a fili, hukuncinsa yana kai wa ɗaurin shekara 3, sai dai an keɓe koyarwa da bincike. Ajiyewa a gida kuwa ba laifi ba ne. Taken da ke jikin wuƙar SA shi ne Björn Höcke, ɗan siyasar Jamus, ya furta a taron siyasa, har kotun Halle ta ci shi tarar Yuro 13,000 a 2024.

Malamar tarihi: To, Barista, wannan keɓewar ita ce hujjata. Gurbin kankarar da Malam ya ambata ya fi amfani a gidan tarihi, inda za a rubuta bayani a gefensa. A 2019 Abdallah Chatila, ɗan kasuwa ɗan asalin Labanan, ya sayi kayan Hitler a gwanjon Munich, aka miƙa su ga Yad Vashem, cibiyar tunawa da kisan kiyashin da Nazi suka yi wa Yahudawa, don kada su faɗa hannun masu sha'awar aƙidar.

Mai tara kayan tarihi: Na yaba masa, Malama, sai dai an ƙera waɗannan wuƙaƙe da yawan gaske, gidajen tarihi ba za su iya karɓar su duka ba, kuma masu tarawa ne suka fi iya bambance na asali da jabun da ya cika kasuwa.