Rumfa ko riga? Neman sunan rufin kokfit na jirgin ruwa mai tafiya da iska

Jama'a, ku taya ni neman kalma. Ƙanena da ke aikin ɗinkin tampol a bakin teku a Turkiyya ya turo mini bidiyo yana rufe kokfit na wani jirgin ruwa mai tafiya da iska. Na nuna wa kawunmu a nan Sakkwato, ya ce, "Ɗana, mi as sunan wanga abu da Hausa?" Na yi shiru.

Kokfit dai ba ta ba ni wahala ba. Wuri ne mai ɗan zurfi wajen bayan jirgi inda matuƙi ke zama da sitiyari, don haka na ce gurbin matuƙi. Asalin kalmar a Turanci ma ramin faɗan zakaru ne.

Rufin ne ya gagare ni, don ba abu ɗaya ba ne. Akwai na gaba mai tare feshin ruwa, suna ce masa doja. Akwai na sama mai inuwa, bimini, wanda ya ci sunan wasu tsibirai na Bahamas. Sai bangarorin gefe da baya na tampol da leda mai kauri garai-garai, ana haɗe su da zif, duk suna hawa kan bututun ƙarfe marar tsatsa mai kaurin kamar inci 1.

Na fara da rumfar matuƙi. Wani malami ya ce rumfa ba ta da bango, inuwa kawai take bayarwa, sai dai a bar wa bimini sunan. Na yarda. Wani ya kawo kewayen matuƙi, aka yi ta dariya, kowa ya san abin da ake yi a kewaye. Mai Keke Napep ɗinmu ya ce, "Yallaɓai, ai labule ne, irin wanda muke saki da damina da hunturu." Ya kusa, amma labule gefe kaɗai yake rufewa.

Sai na koma bidiyon na duba da kyau. Wahalar aikin duk tana wurin igiyoyi. Wayar da ke riƙe turken jirgi daga baya, wato doguwar sandar tsaye mai ɗauke da ƙyallen iska, takan ratso daidai inda rufin sama zai zauna, kuma ba a isa a kwance ta ba, sai dai a tsaga tampol, a yi mata wuya, a sa zif da ɗan marfi don kada ruwa ya bi ta ya ɗigo wa matuƙi a ƙeya. Sandar kwance da ke ƙasan babban ƙyallen iska tana lilo dama da hagu, dole rufin ya tsaya ƙasa da ita. Igiyoyin jan ƙyallen suna shigowa kan gangar naɗe su, ita ma hannunta yana son filin juyawa, in aka matse shi ya dinga dukan leda har ta yage. Shi ya sa na ga ƙanena ya fara shimfiɗa farar leda a kan ƙarafan, yana manna ta, yana zana kowace tsaga da alƙalamin maka kafin ya taɓa almakashi. Na wannan jirgi ba ya shiga wancan.

To abin da ake aunawa a jiki, a fitar masa da wuya da hannuwa, a sa a tuɓe, ai riga ce. Muna da rigar kujera, muna da rigar mota. Ni dai na tsaya kan rigar gurbi.

Kawu ya ce shi bai ƙi ba, amma Sarkawan Gulbin Rima ad da jirgi, a tambaye su tukuna. In akwai ɗan Sarkawa a nan, bismilla.